Hawan tsaunukan Alps da kare: abin da ya kamata ka sani tun kafin ka ɗaura takalmi

Shekara biyar ke nan ina zaune a Innsbruck, can jihar Tirol ta ƙasar Ostiriya, cikin tsaunukan Alps na Turai, kuma uku daga ciki da kare nake hawan dutse. Karen na wata tsohuwa ce maƙwabciyata da ciwon gwiwa ya hana ta fita, ta roƙe ni in riƙa kai shi yawo, to tunda na ɗau amanar dabbar mutane dole na zauna na koyi yadda zan fita da shi in dawo mata da abinta lafiya.

Bari in fara da shanu, don wallahi su ne babban haɗarin, sun fi tsayin dutsen kansa. Daga wajen watan Yuni zuwa Satumba manoma na kora shanunsu sama su yi kiwo a ciyawar tsauni, kuma hanyar ƙafa sau da yawa ta tsakiyar makiyayar take ratsawa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ruga ya san saniya mai jego ba ta da wasa, to ka ƙara da cewa ita a idonta karenka kyarkeci ne da ya zo ɗauke mata maraƙi. A shekarar 2014 a kwarin Pinnistal nan Tirol shanu sun tattake wata Bajamushiya mai shekara 45 har lahira, tana tafe da karenta ta ɗaura igiyarsa a ƙugu, da suka taso ba ta samu ta kwance igiyar ba. Shari'ar ta daɗe, daga ƙarshe kotu ta raba laifin biyu tsakaninta da mai shanun, kuma a 2019 gwamnati ta fitar da ƙa'idoji goma na yadda za a bi ta makiyaya.

Ga yadda ake yi. Da ka hango garke ka taƙaita igiya, kare ya dawo gefen ƙafarka, ta ɓangaren da ba shanu, ka yi musu zagaye mai faɗi ko da zai sa ka bar hanya. Ba ihu, ba gudu, kar ka bi ta tsakanin uwa da ɗanta, kar ka tsaya ɗaukar hoto. In ka ga ta ɗago ta kafe ka da ido, ta sunkuyar da kai tana huci tana tonon ƙasa da kofato ta nufo ka, saki igiyar nan take. Eh, saki. Kare ya fi saniya gudu zai tsira da kansa, kai ne ba za ka iya ba, kuma shi suke bi ba kai ba. Shi ya sa ban taɓa naɗe igiya a wuyan hannu ko in ɗaura a ƙugu cikin makiyaya ba, a tafin hannu take yadda buɗe yatsu kawai ya isa. Sai ka ja da baya a hankali ba tare da ka juya musu ƙeya ba har ka fita ƙofar shinge, ka rufe ta kamar yadda ka same ta.

Akwai kuma manyan fararen karnukan da ke gadin tumaki tun da kyarkeci ya dawo tsaunukan, Faransawa na kiransu patou. Waɗannan ba ruwansu da kai sosai, amma baƙon kare ba sa ƙaunar ganinsa kusa da garkensu. In allo ya nuna suna wurin, ni shawarata ka canza hanya kawai.

Takardu kuwa ba wuya. In za ka tsallaka iyaka, daga Ostiriya zuwa Italiya ko Jamus misali, sai da fasfon dabba na Tarayyar Turai, da ɗan ƙaramin cif ɗin da ake sa masa ƙarƙashin fata, da allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda in ta farko ce sai ta kwana 21 kafin ta fara aiki a wurin hukuma. Likitan dabbobi duk zai yi maka. Sannan ka bincika ko ma an yarda kare ya shiga inda za ka, don gandun ƙasa na Suwizalan da ke yankin Engadin, wanda aka kafa tun 1914, ba a shiga da kare sam ko da igiya, haka tsakiyar gandun Vanoise da na Écrins a Faransa. Ka sa takunkumi a jaka kullum, jirgin ƙasa a Ostiriya sai da shi, kuma da yawa daga akwatunan nan masu hawa dutse a kan waya ma suna tambaya. Ka saba masa da shi tun a gida yana sawa kana ba shi ɗan abin lasa, ba ranar tafiya a bakin layi mutane na jira ba.

Zaɓen hanya, ka zaɓa don kare ba don kanka ba. A Suwizalan alamar rawaya hanya ce mai sauƙi, fari-ja-fari ta dutse ce ta gaske, fari-shuɗi-fari kuwa ta masu kama dutse da hannu ce, wannan ka manta da ita in kana tare da kare. Ka karanta bayanin hanyar, in ka ga an ambaci tsani ko igiyar ƙarfe da aka kafa a jikin dutse to ba taku ba ce. Ɗan kwikwiyon da bai kai shekara ba kar a kai shi doguwar hawa, gaɓoɓinsa ba su yi ƙwari ba tukuna. Babba ma a hankali ake ɗora shi, awa biyu, sati mai zuwa uku, har tafin ƙafarsa ya yi kauri.

Nan ne ni na yi kuskure a shekarata ta farko. Na bi da shi wani gangare mai tsakuwa masu kaifi da rana tsaka, shi kuma kare ba ya ƙorafi, yana ta bina yana kaɗa wutsiya, sai da muka tsaya shan ruwa na ga ɗigon jini a kan farin dutse, na ɗaga ƙafarsa ta gaba na ga fatar tafin ta yage kamar an sa reza. Na yage hannun rigata na ɗaure, na saɓa shi a kafaɗa, kilo 22, kusan awa biyu muna saukowa yana numfashi a kunnena. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don laifina ne. Tun ranar jakata ba ta rabuwa da bandeji, maganin wanke ciwo, da 'yan takalman kare guda biyu, kuma duk tsayawa sai na duba ƙafafunsa huɗu.

Igiyar a ɗaura ta a abin kama ƙirji mai mariƙi a baya, ba a wuya ba, don in ya zame ka iya cafko shi ba ka shaƙe shi ba. Kuma igiyar nan ba don shanu kaɗai ba ce, akwai wata dabba mai kama da ƙaton kurege da ake kira marmot, in ta yi fito karen da ya fi kowa biyayya ma sai ya zabura, kuma bakin dutse inda zai iya faɗawa ƙasa ba nisa.

Ruwa ka ɗauki nasa daban da ɗan kwano mai ninkewa, musamman a duwatsun farar ƙasa irin Dolomites da Karwendel inda ruwa ke nutsewa ƙasa ka yi awanni ba ka ga rafi ba. Kwamin shan shanu kar ka bar shi ya shiga wanka ciki. In harshensa ya zazzago yana haki ba tsayawa yana neman inuwa ya kwanta, a tsaya, a jiƙa masa ciki da ƙafafu. Ka fita da asuba don da bazara hadari yakan haɗo da la'asar da tsawa mai tsanani, kuma duk mita dubu da ka hau sanyi na ƙaruwa da kusan digiri shida. Lambar gaggawa 112 ce a duk Turai, ta masu ceto a dutse 140 a Ostiriya, 1414 a Suwizalan, ka adana su a waya.

Kashinsa don Allah a kwashe a leda a sauko da shi, akwai ƙwayar cuta da yake iya ɗauka mai sa saniya ɓari, kuma ciyawar nan abincin dabbar wani ce. In kuna son kwana a bukkar tsauni ka buga waya tukuna, da yawa ba sa barin kare a ɗakin kwanan jama'a. Da kun iso gida kafin ya kwanta ka bi jikinsa da yatsu ka nemi kaska, bayan kunne, hammata, tsakanin yatsun ƙafa, ka cire ta da ɗan hantsaki daga tushe a hankali kar kanta ya karye a ciki.