Yadda za ka kare hannunka wajen gyaran inji, da abin yi idan tsautsayi ya afka

Duk wanda ya yi aiki a kamfanonin roba na Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ko a injin casar shinkafa, ya san mutum ɗaya ko biyu da inji ya cinye wa yatsu. Kuma in ka bi diddigi, sau da yawa ba lokacin aiki ba ne, lokacin gyara ne, ko roba ta maƙale a injin niƙa an ce wa yaro sa hannu ka zaro, ko bel ya goce ana son mayarwa da sauri saboda manaja na tsaye a ka.

To ga abin da nake so kowane lebura da makanike ya riƙe. Danna jan maɓalli ba kashe inji ba ne. Ka je babban swici ka sauke shi, ka sa kwaɗo, makullin ya shiga aljihunka kai da kanka, ba aljihun fomen ba, ka rataya kwali ka rubuta "ana gyara, kar a kunna". In ku uku ne a cikin injin to kwaɗo uku. Kuma don Allah kar ka ce ai Nepa sun ɗauke wuta bari in yi sauri in gyara, wannan dabarar ta nakasa mutane da yawa, wuta na iya dawowa ko wani can baya ya tada janareta alhali hannunka na tsakanin haƙoran inji. Bayan ka kulle ka jira komai ya daina juyawa, ka sauke iska ko man haidirolik da ke cikin bututu, in akwai ƙarfe mai nauyi a sama ka tokare shi, sannan ka danna maɓallin kunnawa ka gani ko zai motsa. Babbar riga da safar hannu kusa da abu mai juyawa, a'a. Murfin kariya da aka cire a mayar kafin a kunna, Dokar Masana'antu ta 1987 ma ta wajabta wa mai kamfani ya killace sassan inji masu haɗari.

In kuma abin ya faru, Allah ya kiyaye, a fara kashe injin. A danne ciwon da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga hannun sama, kar a zuba baƙin mai ko toka ko ƙasa. Yatsan da ya fita kar a bar shi a ƙasa, a naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sai a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, amma naman kar ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A wuce babban asibiti nan take, a Kano akwai asibitin ƙashi na Dala, ba kemis ba, ba wajen mai ɗori ba, don in ma za a iya mayar da shi to sa'o'i kaɗan ake da su.

Yanzu maganar haƙƙi, nan ne ake cutar talaka. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ce ke riƙe da ita. Kowane mai kamfani ya kamata yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun diyya na hukumar, daga aljihunsa, haramun ne ya cire a albashinka. Kuma dokar ta haɗa da ɗan kwantiragi da mai aikin wucin gadi da ɗan koyo, ko da baki aka ɗauke ka ba takarda, saboda haka in aka ce maka ai kai kashuwal ne ba ka da komai, ba gaskiya ba ne.

Ka sanar da kamfani cikin kwana 14, a rubuce, da ranar da lokacin da wurin da yadda abin ya faru, ka riƙe kwafi, in kana kwance ɗan'uwanka ya kai. Su kuma dole su kai rahoto NSITF cikin kwana 7. Kar ka zauna jiran su, ka tura wani ofishin NSITF na jiharku ya tambaya ko an kai. Neman diyya cikin shekara 1 ake yi, sai da dalili mai ƙarfi ake ɗagawa zuwa shekara 3. Ka adana katin asibiti, rahoton likita, rasit na magani, hoton injin in an samu ɗauka kafin su mayar da murfi, katin aiki ko alat na albashi, da lambobin waɗanda suka gani da idonsu.

Diyyar ta haɗa da kuɗin magani, hannun roba, da biyan wata-wata, wanda nakasar ta hana shi aiki gaba ɗaya kashi 90 cikin 100 na albashinsa, wanda ta rage masa ƙarfi kuma gwargwadon asarar da ya yi.

Mutanen kamfani za su zo asibiti da ambulan ɗin kuɗi da takarda, a ce maka ƙaddara ce ka yi haƙuri ka sa hannu. Eh ƙaddara ce mun yarda, amma yarda da ƙaddara bai hana karɓar haƙƙi ba, kuma dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yafe diyyarsa ba ta da inganci. Duk da haka kar ka dangwala a kan abin da ba a karanta maka ba, ka kai wa lauya ko ƙungiyar ƙwadago, in ba kuɗi akwai Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Kuma ka tambayi lauyan tun da wuri, domin karɓar diyyar NSITF na iya rufe maka ƙofar kai ƙarar kamfanin. In hukumar ta yanke abin da bai gamsar da kai ba kana da kwana 180 ka nemi ta sake dubawa, daga nan sai kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a Kano.