Kafin ku kashe kuɗin tallafi a kan manhaja

'Yan uwa masu karɓar tallafin masu buƙata ta musamman, don Allah kada ku sayi manhaja ko na'ura sai masu ba da tallafin sun amince muku a rubuce, domin ba ko'ina ake mayar da kuɗin abin da aka riga aka saya ba. Ku sa likitanku ya rubuta ainihin amfanin da za ta yi muku, misali karanta takardar magani ba sai kun jira wani ba.

Ku fara gwada na kyauta tukuna, wato manhajojin da ke karanta muku rubutun da ke kan allo da murya: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, NVDA a kwamfuta mai Windows. Tallafin sai ya tafi kan abu mai tsada, kamar na'urar rubutun makafi. Ku kuma tambaya ko masu ba da tallafin za su riƙa biyan kuɗin sabunta manhajar duk shekara.