Yadda Ake Lissafin Turjiya da Ƙarfin Wuta Daga Boltej da Karant

Duk wanda ya san boltej ɗin da ke kan wani kayan lantarki, ya kuma san yawan karant ɗin da ke ratsa shi, zai iya fitar da turjiyar kayan da ƙarfin wutar da yake ci ba tare da ya kwance shi ba. Boltej shi ne ƙarfin da ke tura lantarki, ana auna shi da bolt. Karant shi ne yawan lantarkin da ke wucewa a kowace daƙiƙa, ana auna shi da amfiya. Turjiya kuwa ita ce yadda abu ke hana lantarki wucewa, ma'auninta om. Dangantakar da ke tsakanin waɗannan ukun, masanin kimiyyar nan na Jamus, Georg Simon Ohm, ne ya wallafa ta a shekarar 1827, shi ya sa ake kiranta dokar Ohm.

Matakin farko shi ne samun lambobin biyu daidai, kuma a nan ne akasarin kurakurai suke faruwa, ba a wajen lissafin ba. Idan za a auna boltej da maltimita, wato mitar da ke auna boltej da karant da turjiya, ana ɗora wayoyinta biyu a bakuna biyu na kayan, wuta na gudana. Karant kuwa ba haka ake auna shi ba: sai an yanke hanyar wutar an saka mitar a tsakani, domin duk lantarkin ya bi ta cikinta. Wanda ya saita mita a kan amfiya sannan ya ɗora ta kai tsaye a kan bakunan batir, abin da zai biyo baya shi ne fis ɗin mitar ya ƙone, in ma bai fi haka ba. Wajibi ne kuma lambobin biyu su kasance na kaya ɗaya a lokaci ɗaya, domin idan resista biyu, wato ƙananan kayan da ake sakawa don rage gudun lantarki, suna jere a layi guda, boltej ɗin batir yakan rabu a tsakaninsu, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa ɗaya boltej ɗin gaba ɗaya.

Bayan haka sai a mai da lambobin zuwa bolt da amfiya tsantsa. Miliamfiya 1,000 ne suke yin amfiya 1, saboda haka miliamfiya 20 daidai yake da amfiya 0.02.

Sai a fitar da turjiya ta hanyar raba boltej da karant, wato R = V ÷ I, inda R ke nufin turjiya, V boltej, I kuma karant. A ɗauka cewa an auna bolt 9 a kan wata resista, kuma miliamfiya 20 ne ke ratsa ta. Idan aka raba 9 da 0.02, amsar ita ce om 450. Da an manta da juya miliamfiya an raba 9 da 20, da an sami om 0.45, amsar da ta gaza ta gaskiya sau dubu.

Ƙarfin wuta kuma ninkawa ake yi, wato P = V × I, kuma amsar tana fitowa da wat, ma'aunin da aka sa wa sunan James Watt na Sukotland. A misalin da ya gabata, 9 sau 0.02 ya ba da wat 0.18. Wannan ƙaramar lamba ita ce ke nuna irin resistar da za a saka, domin dukkan wannan ƙarfin zafi yake zama a jikinta. Ƙaramar resistar da aka fi samu tana ɗaukar rubu'in wat, wato 0.25, don haka za ta iya aikin, sai dai za ta yi ɗumi. A ganina ya fi dacewa a zaɓi mai rabin wat, musamman idan za a rufe ta cikin akwatin da iska ba ta shiga.

Yana da kyau a tabbatar da amsar ta wata hanyar daban. Da yake V = I × R, ana iya rubuta ƙarfin wuta a matsayin P = I² × R, ko kuma P = V² ÷ R. Butar lantarkin da ke jan amfiya 10 a kan bolt 230 tana da turjiyar om 23, tana kuma cin wat 2,300. Idan aka ninka 10 sau 10 sau 23, wat 2,300 ɗin ne zai sake fitowa. Wannan tsarin na P = I² × R yana bayyana abin da ke sa siririyar waya ta narke: idan karant ya ninka sau biyu, zafin da ke taruwa a wayar sau huɗu yake ninkawa.

Akwai kayan da turjiyarsu ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ƙwan sigina na mota mai wat 21 yana jan amfiya 1.75 a kan bolt 12, wanda ke nufin turjiyarsa tana kusan om 6.9 lokacin da yake ci. Amma idan aka cire shi aka auna da mita yana sanyi, za a ga ƙasa da om 1, saboda turjiyar zaren tangistin da ke cikinsa tana hawa ne yayin da yake yin zafi. Dukkan amsoshin biyu daidai ne, kowace a yanayinta.

Haka nan a wutar gida, wadda ke kai da komowa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, ninka boltej da karant yana ba da wat na haƙiƙa ne kawai a kayan dumama irin su dutsen guga da buta. A injinan da ke juyawa kamar fanka da firji, amsar takan fi wat ɗin da suke ci da gaske, don haka ake rubuta ta da VA, wato bolt-amfiya, kuma sai an ninka ta da wani adadi da bai wuce 1 ba, wanda masu ƙera injin sukan rubuta a jikinsa, kafin a sami wat ɗin.