Yadda na gyara matsalar HSQC ɗina da ya ƙi fitowa

Sati uku cur ina fama da wani ƙaramin furotin na bakteriya, amino asid wajen 110 ne kawai, na noma shi a cikin E. coli da abincin bakteriya na M9 mai ɗauke da nitrojin 15 (nau'in nitrojin da gwajin HSQC ke iya gani) kamar yadda aka saba. Ka'ida dai kowane amino asid zai ba da ɗigo ɗaya a HSQC, wato hoton ɗigo-ɗigo na furotin da injin NMR mai maganaɗisu ke fitarwa, banda amino asid ɗin da ake kira furolin, amma ni ko rabi ban gani ba, waɗanda suka fito ma sun yi faɗi sun dishe kamar an shafa musu ruwa.

Da farko na ɗauka furotin ɗin bai naɗe ba ne, sai na lura ɗigon sun bazu har wajen 10 ppm (ma'aunin matsayin ɗigo a hoton), da bai naɗe ba ai da duk sun taru kusa da 8. Gwajin jel, mai raba furotin bisa girma, kuma ya nuna bai gutsuttsure ba. Ashe dunƙulewa yake yi, ni da haɗamata na tattara shi har kaurinsa ya kai 1 mM (milimola) wai don sigina ta yi ƙarfi, shi kuwa dunƙule yana juyawa a hankali ne, shi ya sa layukan ke faɗi.

Na tsinka shi zuwa 0.3 mM, na zuba arjinin da gulutamet 50 mM kowanne, na sauke pH daga 7.5 zuwa 6.5 don hayidurojin ɗin amayid, waɗanda ke ba da ɗigon, su rage musaya da ruwa. Gishirin ma na rage, dama kan injin mai sanyi, wanda ke ɗaukar sigina, ba ya son gishiri da yawa. Na bar shi ya kwana a maganaɗisun injin, da safe kusan duk ɗigon sun fito ras.