Darasi: Ina Ƙarfin Abincin Yaro Yake Tafiya?

Idan yaro ya gama cin tuwo, jikinsa yakan ɗan yi ɗumi. Wani ɓangare na ɗumin nan daga aikin narkar da abinci yake fitowa, domin jiki sai ya kashe ƙarfi kafin ya amfana da abin da aka ci.

Da kalori ake auna ƙarfin abinci. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da jiki ke ƙonawa a rana yana tafiya ne wajen numfashi da bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa, ko da yaro yana barci. Narkar da abinci na ɗaukar kusan kashi 10. Sauran na motsi ne, sai ɗan abin da girma ke ci. Wato kwanon abinci mai kalori 500, wajen 50 kawai ke ƙonewa a narkarwa. Ƙonewar takan yi ƙarfi awa ɗaya zuwa biyu bayan cin abinci, ta lafa cikin kamar awa shida.

Amma abinci suna ya tara. A kalori 100 na furotin, irin wanda ke cikin wake da ƙwai da kifi, 20 zuwa 30 ne ke ƙonewa a narkarwa. A sukari da sitaci, irin wanda ke cikin tuwo da shinkafa, 5 zuwa 10. A mai kuwa, da ƙyar ya wuce 3, jiki na adana shi kusan yadda ya shigo. Ga shi babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Shi ya sa waken da aka yi alale da shi da mai kaɗan ya sha bamban da wanda aka soya ƙosai, ya fito yana naso a takarda.

Iyaye kan ce yaro mai ƙiba jikinsa ne ba ya ƙona abinci. Awo ya nuna cewa a zaune ma yakan ƙona fiye da siririn sa'ansa, saboda jikinsa ya fi girma. A wasu yaran an ga ƙonewar bayan cin abinci ta ɗan ragu, musamman idan jiki ya daina jin sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Raguwar ƙarama ce, ba ta kai kalorin kwalbar lemo ɗaya ba, wadda galibi ke ɗauke da sukari cokalin shayi 8 zuwa 9.

Kada a hana yaro abinci, yana kan girma. A gyara kwanon. A riƙa auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba. A sa wake ko ƙwai a karin kumallo, a yawaita ganye kamar zogale da alayyafo, ruwa ya maye gurbin lemon kwalba, a rage sukarin kunu da zoɓo sannu a hankali don kada yaro ya ƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Ƙwallo, langa ko zuwa makaranta a ƙafa duk sun shiga lissafi.

A duba bayan wuyan yaron da hamatarsa. Idan fatar ta yi baƙi da kauri, ba ta fita da soso da sabulu, ba dauɗa ba ce, a daina dirza. Sau da yawa alama ce ta rashin jin insulin. A kai shi asibiti a auna nauyinsa da tsayinsa da sukarin jininsa.