Ɗaya ga wata ta yi, daman bai sauka ba: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Duk ranar ɗaya ga watan Miladiyya, tun kafin shaguna su buɗe, tambaya guda ce take yawo a wayoyin gidajen Hausawa na Makka da Jidda da Madina: "Naku ya sauka?" Daman ake nufi, wato Damanul Ijtima'i, tallafin kuɗin da gwamnatin Saudiyya ke ba gidajen mabuƙata duk wata. In aka ce e, kai kuma naka shiru, sai hankali ya tashi. Wasu su nufi sarraf, injin cire kuɗi, su yi ta saka katin banki na mada suna cirewa, wasu su hau zagin banki, wasu kuma su ce a yi haƙuri a jira wata mai zuwa. A cikin ukun nan, mai jiran ne ya fi asara.

Tun farkon 2022 da sabon tsarin Damanul Ijtima'i ya fara biya, tallafin abinci ba shi da wani kati nasa na daban. Yana rataye ne a wuyan daman: wanda ya cancanci daman shi ake ba, kuma asusun da aka rubuta a fayil ɗin rajistar daman nan yake sauka. Saboda haka in kuɗin cefane bai zo ba, ba katin ake tuhuma ba, fayil ɗin da ke hannun Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam da Ci Gaban Al'umma ake buɗewa. Dattawan da suka saba da tsohon tsari, mai katin kansa, su wannan ya fi rikitawa.

Babban kuskure shi ne duba fayil ranar biya. Ranar 27 ga wata ake fitar da sakamakon ahliyya, wato ko gida ya cancanci kuɗin wata mai kamawa ko bai cancanta ba. Kowane wata ake sake wannan tantancewa, ba sau ɗaya ba ce a gama. Wanda ya shiga ran 27 ya ga an rubuta "gairu mu'ahhal", wato bai cancanta ba, zai ga dalilin a rubuce, kuma yana da kwana 30 ya shigar da i'itiradi, wato ƙorafin ƙin yarda da sakamakon. Wanda ya tsaya sai ɗaya ga wata ya riga ya ci kwanaki daga cikin wa'adin. Wanda ya ce "bari mu ga na gaba" ya cinye shi duka. A ganina, da kowane gida zai sa mutum ɗaya ya riƙa leƙa fayil duk 27, da mafi yawan koke-koken nan ba su kai ko'ina ba. Ranar ma ba ta da wuyar tunawa, ita ce ranar albashin ma'aikatan gwamnati.

Akwai kuma ruɗanin kwanan wata, wanda ba ya bukatar dogon bayani. Da Miladiyya ake lissafi, ba da ganin jinjirin wata ba. In ɗaya ga wata ta faɗo Juma'a, ana biya ran Alhamis, in ta faɗo Asabar, sai Lahadi. Hisabul Muwaɗin kuwa, wani tallafin gwamnati na daban, ran 10 yake sauka, fayil ɗinsa daban, wa'adin ƙorafinsa kwana 90. Gyara a ɗaya ba ya nufin an gyara ɗayan. Kyautar azumi ta Riyal 1,000 ga mai gida da 500 ga kowane na ƙarƙashinsa ita ma umarnin Sarki take jira, ba ta cikin lissafin wata-wata.

In fayil ya ce mu'ahhal amma kuɗi babu

Nan matsalar ta banki ce, kuma ita ta fi sauƙin gyara. Lambar aiban, wato cikakkiyar lambar asusun banki, a Saudiyya tana farawa da SA, sannan lambobi 22. Dole asusun ya zama da sunan mai fayil ɗin kansa, yana aiki, kuma a fayil a ga an tabbatar da shi. Mutane sukan rufe tsohon asusu su buɗe sabo su manta da fayil. Wasu kuma, musamman 'ya'yan da ke yi wa iyaye rajista, sai su saka aiban ɗinsu don "ai Inna ba ta iya sarraf ba". Tsarin ba ya karɓar wannan, kuɗin komawa yake yi. In an gyara aiban, kuɗin da ya koma ba ya ɓacewa, amma sai a bi shi da ƙorafin kuɗi, shakwa maliyya, a rubuta watan da bai shigo ba.

Wani lokaci kuma kuɗin yana ciki, fita ce ba ya yi. Na tsaya bayan wata dattijuwa a sarraf ɗin wani banki kusa da Shara Mansur a Makka, ita da jikanta. Ta saka kati, injin ya turo shi, ta goge shi da gefen mayafi ta sake sakawa. Yaron ya leƙa wayarta ya ce, "Hajiya, ai katin shaidarki ne ya ƙare tun bara." Ta ce, "To me ya haɗa shi da daman, ɗan nan?" Abin da ya haɗa su shi ne banki yakan daskarar da asusu in shaida ta ƙare ba a sabunta ba. A sabunta shaidar a ofishin ahwal mai ba da katin ɗan ƙasa, a sabunta bayanai a banki, shi ke nan. Haka nan kafin a ce kuɗi bai shigo ba, a duba bayanan shiga da fita na asusun. Sau da yawa ya shigo da asuba, wani bashi da aka sa hannu a kai ya ɗauke shi kafin a farka. In ana ganin cirewar ba bisa ƙa'ida aka yi ba, banki ake fara kai wa ƙara a karɓi lamba, in bai warware ba a wuce Babban Bankin Saudiyya.

Gida da mutanen cikinsa

Nan ne aikin yake, domin zamanmu da zaman da fayil ya sani ba su cika yin daidai ba. Sabon tsarin gida yake kallo, ba mutum ɗaya ba. Duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ana so a rubuta shi, a kuma bayyana abin da yake samu. Mu kuwa gidanmu ya haɗa uwa, da ɗa da matarsa, da ƙanwar da aurenta ya mutu ta dawo da 'ya'ya biyu, da kawun da ya zo "na kwana biyu" tun shekarar da ta wuce. Sai uwa ta buɗe fayil a matsayin mai zaman kanta, ƙanwa ma ta buɗe nata, duk da adireshi ɗaya da mitar wuta ɗaya. Ranar da jami'in ziyara ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko na'ura ta haɗa bayanan, duka biyun su tsaya.

Rusau ya ƙara dagula wannan. Tun ƙarshen 2021 da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Gulail da Karantina da Sabil, gidaje da yawa sun watse, wasu sun haɗu wuri guda, amma adireshin ƙasa na mutane da dama yana nan yana nuna gidan da babu shi. Abu uku ake so su faɗi magana ɗaya: adireshin ƙasa, takardar haya da aka yi wa rajista a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya, da abin da ke fayil. Yarjejeniyar baki da mai gida, ko takardar da aka rubuta da hannu, ba ta tsaya wa kowa a nan. Takardar Ejar da wa'adinta ya ƙare ita ma haka. Kuma in jami'i ya kira don ziyara, a ɗauka. Mutanenmu suna da ɗabi'ar ƙin ɗaukar baƙuwar lamba, kiran nan kuwa rashin amsa shi kan iya jawo a dakatar da fayil.

Doka ta ba da kwana 15 a sanar da duk canjin da ya shafi cancanta: aure, saki, haihuwa, rasuwa, samun aiki, tashi daga gida. Jaririn da ba a saka ba, ba a lissafa shi a daman, ba a lissafa shi a abinci. Mamacin da ba a cire ba kuwa ya fi haɗari, don karɓar abin da ba a cancanta ba hukuncinsa yakan kai tarar Riyal 10,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, ga kuma mayar da kuɗin.

In kuɗin ya zo amma ya ragu, a yi lissafi kafin a yi ƙorafi. Tun ƙarin kashi 20 cikin ɗari na ƙarshen 2023, mai gida 1,320 ne, kowane na ƙarƙashinsa 660, gida kuma ba ya wuce 5,000. Daga nan ake cire rabin abin da ake samu ta hanyar aiki, da dukan abin da ke shigowa ba ta aiki ba. Ɗauki miji da mata da 'ya'ya uku: 3,960. In maigidan yana ɗaukar albashin 2,000, a cire 1,000, saura 2,960. In babban ɗan ya samu aikin 4,000 yana nan cikin gidan, a sake cire 2,000, saura 960. Ba wanda ya ci kuɗin kowa. Abin da ya kamata a bincika shi ne albashin da ba na gaskiya ba. Akwai samarin da suka ba da shaidarsu aka rubuta su a wani kamfani don cike gurbin 'yan ƙasa, ana ba su ɗan abin shan shayi, a ta'aminat kuwa, hukumar inshorar ma'aikata, cikakken albashi ne a rubuce. Akwai masu rajistar shago da sunansu, wani ke juya shi. A takarda duk naka ne, kamar mai riƙe wa wani akuya a kasuwa, shi mai karɓar haraji ya sani. A shiga ta'aminat a duba sunan kowane baligi na gidan, in an ga aikin da ba a yi, a nemi a cire.

Tafiya gida ma tana tsayar da kuɗi. An tafi Kano ko Damagaram biki, aka zarce gaisuwar rasuwa, aka ce bari a yi azumi tukuna. Kwanakin da aka yi a waje ana tara su, ko ba a jere suke ba, in sun haura wata uku cikin shekara cancanta ta taɓu. Masu ƙarfin yin aiki kuma, shirin tamkin na horo da samar da aiki ba ado ba ne: wanda aka sa cikinsa ya ƙi rajista a dandalin neman aiki, ko ya yi ta ƙin horon da aka tura masa, zai iya jawo wa fayil tsayawa.

Wajen rubuta i'itiradi, kuskuren shi ne dogon labari babu takarda. Wanda zai karanta ba ya neman jin halin da ake ciki, dalilin da aka rubuta yake so a warware masa. In dalilin gida ne, takardar Ejar. In albashi ne, shaidar barin aiki. In rashin lafiya ne, rahoton asibiti da aka tura ta hanyar da ma'aikatar ta amince da ita. Hoton ya fito sarai, ba wanda aka ɗauka a kan shimfiɗa rabi cikin inuwa ba. A ajiye lambar ƙorafin, da ita ake bibiya a layin wayar ma'aikatar, 19911. Kada a goge fayil a buɗe sabo don fushi, wannan mayar da kai farkon layi ne.

Masu neman na banza sun san ranar ɗaya ga wata kamar yadda muka san ta. Saƙo zai shigo cewa an dakatar da tallafinka, danna nan ka sabunta. Ko a kira da Larabci mai daɗi a ce ka karanto lambar da ta shigo wayarka, ko ka amince da wata lamba a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaida. Ba banki ba ma'aikata da ke neman wannan ta waya. Haka mai shagon da ke cike wa mutane takardu: in ya taya ka, a gabanka ya yi, lambar wayarka ce za ta zauna a fayil da Absher, dandalin hidimomin gwamnati, ba tasa ba, in ba haka ba duk sanarwar da aka turo aljihunsa take shiga.

Da yawa cikin Hausawan ƙasar nan da iƙama, izinin zama na baƙi, suke zaune, daman kuwa na 'yan ƙasa ne. Amma dokar ta keɓe wasu, cikinsu har da matar ɗan ƙasa, da wadda mijinta ɗan ƙasa ya rasu ko ya sake ta tana da 'ya'yansa. Mace irin wannan, iƙamarta da takardar aure ko saki ko shaidar rasuwa su ne fayil ɗin yake tsaye a kai, kuma ranar ƙarewar iƙamar ita za ta fara dubawa duk lokacin da kuɗin ya yi shiru.