Yadda ake haɗa babbar sarƙar wuya ta duwatsu da ba za ta ƙage ko ta tsinke ba

Yayin manyan kayan ado ya dawo da ƙarfinsa: sarƙoƙi masu kaurin yatsa, lu'ulu'u mai karkatacciyar siffa wanda a da ake warewa gefe, 'yan kunne da na dama bai yi kama da na hagu ba, da abin wuya ƙwaya ɗaya da yake cika ƙirji. Ba yau aka fara ba. Tun shekarun 1920 Coco Chanel, mai tsara tufafi 'yar Faransa, ta sa mata masu hali suka riƙa fita da lu'ulu'un jabu ba tare da jin kunya ba, a 1938 kuma Elsa Schiaparelli, mai tsara tufafi 'yar Italiya, ta fitar da wani abin wuya na roba garai-garai da aka jera wa ƙwarin ƙarfe kala-kala, wanda idan mace ta sa sai a ga kamar ƙwarin a fatarta suke tafiya. Mafi yawan irin waɗannan manyan sarƙoƙi na duwatsu za ki iya haɗa su da hannunki. Matsalar ita ce kusan duk mai koyo da na gani a wuri ɗaya take faɗuwa: sarƙa ta yi kyau a kan tebur, da an ɗora ta a wuya sai ta tsaya ƙiƙam, ta shaƙe mai ita, kafin sati ya zagayo duwatsu sun watse a ƙasa.

Ba zan tsaya bayanin yadda ake zura dutse a waya ba, wannan kowa ya iya.

Ki fara da dutsen tsakiya, shi ne mai gidan. Ko babban dutse ne guda, ko wani curin ƙarfe mai siffa, ko manyan duwatsu uku a jere, abu ɗaya ne zai ja ido, sauran duk rakiya suka zo. Masu koyo suna so su zuba duk abin da suka saya a sarƙa ɗaya, sai ido ya rasa inda zai sauka. A wurina launi uku ne iyaka, kuma ƙarfe ma launi ne, ki lissafa da shi. Sannan ki ɗauki duwatsun duka a tafin hannu ki ji nauyinsu kafin ki taɓa waya. Dutsen asali da gilashi suna da nauyi, roba da katako ba su da shi. Idan dukkan sarƙar dutse ce zalla, bayan awa biyu mai ita za ta cire ta jefa a jaka. Ki bar masu nauyi a gaba, ki cike gefe da gefe da marasa nauyi, bayan wuya kuma ƙanana kawai, don manya a nan suna gogar ƙashin wuya suna kama gashi. Hakan ma ya fi sauƙi ga aljihu, tunda babu mai duba ƙeyarki ya ga ko dutsen asali ne a can.

Sai waya. Ki manta da zaren kamun kifi da zaren roba mai talewa, ba a rataya musu nauyi. Abin da ake so shi ne wayar sarƙa, wato siraran silin ƙarfe mara tsatsa da aka murɗe tare aka lulluɓe da nailan. Tana zuwa da sili 7, ko 19, ko 49, kuma an rubuta a jikin ƙunshin. Mai sili 7 ita ce mai arha, amma tana da taurin kai, idan ta lanƙwashe sau ɗaya alamar ba ta fita. Mai 49 ta fi laushi, tana kwanciya a ƙirji kamar zare. Ga babbar sarƙa ita kaɗai nake yarda da ita. Kaurinta kuma ya bi nauyin kaya: wajen milimita 0.45 ga matsakaitan duwatsu, 0.60 ga manya masu nauyi ko masu kaifin rami. Ki gwada tun yanzu ko waya za ta shiga ramin ƙananan duwatsun baya sau biyu, don za ki buƙaci haka a ƙarshe. Lu'ulu'un gaske daban yake, shi da zaren siliki ake yi ana ƙulli tsakanin kowace ƙwaya don kada su ci juna, wannan aikin wata rana ne.

Yanzu awo, kuma a nan nake so ki natsu. Tsawon da aka saba shi ne santimita 35 zuwa 40 ga mai kama wuya, 45 ga mai sauka kan ƙashin ƙirji, 50 zuwa 60 ga mai sauka ƙasa da haka. Waɗannan alƙaluma na siririyar sarƙa ne. Ita waya a tsakiyar dutse take bi, amma abin da yake taɓa fata shi ne gefen dutsen, saboda haka da'irar ciki ta fi ta waya ƙanƙanta. Duk girman dutse, wuri yake ci. Lissafin ba shi da wuya: ki ninka faɗin dutsen sau uku da ɗan doriya, abin da ya fito shi ne tsawon da kika yi asara. Dutse mai faɗin milimita 20 idan ya zagaye wuya gaba ɗaya zai cinye fiye da santimita 6, mai milimita 12 kuma kusan 4. Wato wadda ta auna 45 da manyan duwatsu, sarƙar 39 ta yi ba ta sani ba, shi ya sa take shaƙe ta. Idan gaba ne kawai ke da manya, asarar ba ta kai haka ba, amma ki ƙara dai. Hanya mafi tabbas ita ce ki zura duka, ki danne bakin waya da ɗan salatif, ki ɗora a wuya gaban madubi da irin rigar da za a sa ta da ita. Ki yanke waya da rarar santimita 15 aƙalla. Rowar waya ba ta taɓa yi wa kowa rana ba.

Wajen zurawa, ki fara daga tsakiya ki yi dama da hagu, ba daga wannan baki zuwa wancan ba, don ki iya ƙarawa ko ragewa a gefen biyu daidai. Tsakanin kowane manyan duwatsu biyu ki sa ƙaramin dutse ɗaya na milimita 2 zuwa 4. Ba don ado ba ne kawai, shi ne gaɓar da sarƙa take lanƙwasa a kanta. Manya biyu da suka haɗa kafaɗa, musamman masu faɗin gefe, ba sa barin juna su juya. Idan kuma yayin karkatacciyar sarƙa kike bi, wadda babban dutsenta yake gefe ɗaya, dole nauyin ɗaya gefen ya yi daidai da shi, in ba haka ba tana tafiya tana juyawa har makulli ya dawo ƙarƙashin haɓa.

Ga inda aikin yake lalacewa. Ana rufe bakin waya ne da ɗan bututun ƙarfe da ake matsewa, mai milimita 2 tsawo da faɗi ga yawancin aiki. Ki sayi mai siffar bututu mai kaurin jiki, ki bar mai siffar ƙwallo, yana fashewa. Ki zura waya ta cikinsa, ta ratsa zoben makulli, ta dawo ta cikinsa. Kada ki ja madaukin ya manne da makulli, ki bar shi da ɗan sarari yadda makullin zai yi lilo. Kafin ki matse, ki duba wayoyin biyu a cikin bututun: kwance suke gefe da gefe, ko ɗaya ta hau ɗaya? Idan sun gicciye, matsin ba zai kama ba, ko kuma ɗaya ta yanke ɗaya daga baya. Filayar wannan aiki tana da rami biyu a bakinta. Na ciki, wanda ya fi kusa da hannu, shi ne farko, yana lotsa bututun a tsakiya kowace waya ta samu ɗakinta. Sai ki juya bututun ya tsaya a gefensa, ki kai shi ramin gaba, ki naɗe shi biyu. Wadda ba ta da irin wannan filaya za ta iya baje shi da filaya mai santsin baki, yana riƙewa, sai dai kaifinsa yana karce wuya. Ga sarƙa mai nauyi bututu biyu nake sawa a kowane gefe, da ƙaramin dutse a tsakaninsu. Ki ja da ƙarfi ki gwada. Gara ya zame a hannunki.

Bakin farko ba ya ba kowa wahala. Na biyu ne mugun. Mai koyo takan miƙe sarƙa a tebur, ta ja waya iya ƙarfinta don kada a ga rata, ta matse. To sarƙar da aka matse a miƙe ba ta da inda za ta samu sararin lanƙwasa, tunda lanƙwasa tana buƙatar ɗan ƙarin waya a tsakanin kowane dutse da na kusa da shi. Da an tilasta mata zagaye wuya sai ta ƙage, duwatsu su riƙa turin juna, duk ƙarfin ya koma kan bututun nan da gefen ramukan duwatsu da suke gogar nailan. Tsinkewar da ake ɗora wa waya mara kyau, yawanci daga nan take. Abin da za ki yi shi ne ki ƙulla makullin, ki kwantar da sarƙar a tebur a zagaye yadda za ta zauna a wuya, sannan ki ja rarar waya a hankali har rata ta ɓace, ki tsaya nan. Ki ɗaga ta da yatsa ɗaya ki gani: idan ta zubo da laushi, ki matse. Idan ta tsaya da siffar da'ira a iska, ki sassauta. Bayan kin gama, in kin miƙe ta za ki ga ɗan tsiraicin waya na milimita 2 ko 3 kusa da makulli. Daidai ke nan, kada ki gyara shi.

Ki tura ragowar waya cikin duwatsu biyu ko uku na kusa, ki datse ta daf da dutse da abin yankan waya, ba da almakashin ɗinki ba. Makulli ya zama babba daidai da kayan, mai sanda da zobe ya fi dacewa da sarƙa mai nauyi tunda nauyin ne ma yake riƙe shi, na maganaɗisu kuwa yana sakin kaya. Ƙananan zobba masu tsaga, waɗanda ake haɗa makulli ko guntuwar sarƙa da su, ana buɗe su ne da murɗawa, ɗaya baki gaba ɗaya baya, ba a buɗa su gefe da gefe. Ki ƙara guntuwar sarƙa ta santimita 5 a baya idan makullin mai ƙugiya ne, don a iya daidaita tsawo da wuyan riga. Ƙarfen da zai taɓa fata ki nemi wanda babu ƙarfen nikel a ciki, don nikel ne yake jawo wa mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje, ko azurfa mai tambarin 925, ko ƙarfe mara tsatsa. Tagulla tana barin koren shafi a wuya idan an yi gumi, yana fita da sabulu. Turare da mai kuma a fara shafa su su bushe kafin sarƙa ta hau, a ajiye ta a kwance, ba a rataye ba, don nauyinta yana jan waya.